Yaron Da Nake Roƙo Ya Ƙwace Aikin Mijina

Litinin ta farkon Afrilu, da hantsi

Ƙanƙarar bakin gareji ta narke, ta bar mana taɓo. Royce ya tafi motsa jiki. Na kunna rediyo ina wanke-wanke, ashe har yanzu maganar ɗaya ce. Albarkacin kashin da muka sha bara, kulob ɗinmu ne na huɗu a layin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, to wa za a ɗauko? Rabin gari na cewa a kawo sabon kwatabak, wato mai jifa a ƙwallon Amurka, Royce Hallam ya tsufa da jifa, shekara talatin da bakwai ba wasa ba ce. Sauran rabin kuwa in ka taɓa musu Royce kamar ka zagi iyayensu. Wani ya bugo daga wurin aiki har muryarsa na rawa, wai mutumin nan shekara da shekaru yana jefa mana ƙwallo, ana tattake shi yana tashi, yanzu sai a yar da shi kamar tsumma? Allah ya saka maka da alheri, bawan Allah. Amma da ka san ɓangaren da matarsa take, da ba ka ɓata yawunka ba.

Ina jin ni kaɗai ce mace a garin nan da ke durƙusawa tana roƙon Allah ya kawo yaron da zai ƙwace aikin mijinta.

Bari in rubuta alkawarin yadda ya yi shi, kada wata rana a ce ni na ƙara gishiri. A teburin kicin ne a Janairu, bayan abin nan na Disamba, ranar da aka buge shi a kai filin wasa ya yi tsit. Ya ce, "Corinne, in suka ɗauki mai jifa a zagayen farko, na ajiye hular kwano. In ba su ɗauka ba, suna bukata ta ke nan, ni kuma ba zan juya musu baya ba." Na yi magiya ya ajiye ba sharaɗi, ya ƙi. Abin da zan gode wa Allah a kai shi ne Royce bai taɓa faɗar magana ya janye ba, mai daɗi ko mara daɗi. Don haka yanzu komai nawa ya rataya a hannun Mista Strand, manajan kulob, mutumin da ba ya iya magana sai da alawa a baki.

Laraba, da yamma

Ya tafi ɗauko 'yarmu Junie daga makaranta. Ya dawo da burodi da madara yana fito. Na ce ina yarinyar, sai ya tsaya yana kallona da leda a hannu.

Misis Novak ta maƙwabta ce ta kawo ta. Ta ce ai hanyarsu ɗaya, kuma Junie ta taya ta hira. Ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Na gode wa Allah da ya yi mutane irinta, gobe zan gasa mata wani abu in kai.

Alhamis, bayan baƙi sun watse

Tun shekarar aurenmu Royce ke ciyar da ƙattinsa duk Alhamis, su da ke tsaya masa a gaba suna tare masu son karya shi. Yanzu hutu ne, uku kawai ke gari, amma girkin bai ragu ba saboda Tavita na cikinsu. Tavita ne ke miƙa masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a farkon kowane wasa, kuma shi kaɗai yake cika ƙofar falona.

Ya leƙa tire ya ce, "Uwargida, wannan naman na mutum nawa ne?"

Na ce na mutum shida.

"To ina na sauran?"

Royce ya ce, "Kai dai ci, ƙato. Shekara tara ina kallon bayanka, ban taɓa ganin ya ragu ba."

"Tsoho, bayan nan ne ya sa har yau kake da haƙora. Ka riƙa gaishe shi da safe."

Na yi dariya har da hawaye. Na daɗe ban ji gidan nan da hayaniya mai daɗi haka ba, kuma Royce ya jure ta har ƙarshe.

Da aka gama Tavita ya kwaso kwanuka ya biyo ni kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya rage murya ya ce, "Yaya kan nasa?" Na ce lafiya. Ya ce, "Haba Uwargida, ni ne fa. Wasanni biyu na ƙarshe da ya dawo, ni nake raɗa masa abin da shi da kansa ya kira."

Na ce ai likitocin kulob sun gwada shi sun ce ya wuce. Tavita ya yi wata dariya mara daɗi. Ashe duk bazara ana yi musu gwajin ƙwaƙwalwa suna da lafiya, don in an bugi mutum a kai a sake gwadawa a kwatanta. Su kuma tsofaffin hannu sai su yi ta nawa da gangan a gwajin farko, su mai da kansu dolaye, yadda ko an bugi mutum ya ga taurari sakamakonsa zai yi kama da na da. "Duk muna yi," in ji shi. "Royce ne ma ya koya min."

Na ce to ya je ya gaya wa Strand mana.

"Ba a kai ƙarar mai jifarka ofis. In na yi, ba wanda zai sake zama kusa da ni a ɗakin sa kaya. Ke ma ai kin san ba a yi."

Na sani. Matar ɗan wasa ma ba ta buga waya ofis, tun ina amarya manyan mata suka koya min haka. Na ji haushinsa sosai, amma kuma na gode masa, don yau na san ba ni kaɗai nake gani ba. Na ƙulla masa sauran naman ya tafi da shi.

Asabar, da rana

Yau lafiya lau. Ya gyara ƙofar shinge, ya ɗaure wa Junie gashi a karkace, bai nemi kalma ko ɗaya ya rasa ba. Na gode, na gode.

Lahadi, bayan coci

Fasto ya sa kulob a addu'a kamar yadda ya saba duk Afrilu, jama'a suka yi dariya suka ce amin da ƙarfi. A bakin ƙofa wata tsohuwa ta riƙe hannuna biyu ta ce, "'Yata, kullum muna roƙo ya koma fili." Na ce amin da baki. Ƙauna ce tsantsa a idonta.

A mota Royce sai washe baki yake yi. Ni dai Allah ya san wacce ce addu'ata, ina fata kawai ba yawan masu roƙo yake dubawa ba, don in haka ne na faɗi tun kafin a fara.

Talata, da safe

Strand ya bugo jiya. Sun gayyato wani yaro mai jifa daga wata jami'ar kudu, Lamont Fairley, suna so Royce ya ci abincin rana da shi ya auna musu kansa. Royce ya ce gidan abinci ya cika surutu, a kawo shi gida. Tun asuba nake goge-goge sai ka ce surukai za su zo. Ba a kawo yaro har gidan tsoho sai da wata niyya, haka nake ta gaya wa kaina.

Talata, da yamma

Lamont dogo ne, siriri, kunnuwansa sun yi masa yawa. Ya cire takalmi a ƙofa ba wanda ya ce masa. "Madam" a farkon magana, "Madam" a ƙarshe. Ya ce wa Royce hotonsa ne manne a bangon ɗakinsa tun yana firamare.

Royce ya ce, "Kai yaro, daga zuwa za ka tsufar da ni? Zauna ka ci abinci kafin in kore ka."

"Yallaɓai, kakata ce ta manna, ita ce ke sonka. Ni wani nake so."

"Ka ji ɗan banza! Corinne, rage masa naman."

Sai na ƙara masa. Ya ci faranti biyu ya ce dankalina ya kusa kamo na kakarsa, wai kuma yabo ne.

Na san gwajin da za a yi, duk haka ake yi musu. Tun a farkon cin abinci ake karanta wa yaro kiran wasa ɗaya, irin dogon nan mai kalmomi barkatai da mai jifa ke faɗa wa 'yan wasa a da'ira don kowa ya san inda zai ruga. Sai a ɗauke masa hankali da hira, a ƙarshe a ce ya maimaita. Royce ya karanto nasa tiryan-tiryan, uku a dama, shaho ya juya, saba'in da biyu, har zuwa ƙarshe. Na san kiran kamar sunana. Shekara goma sha huɗu ni ke riƙe masa littafin wasa ina yi masa tambaya yana wanke kwanuka, na fi wasu masu horarwa haddace shi.

Daga nan aka shiga kamun kifi, aka koma motoci, aka yi gardamar wane gari ya fi iya gasa haƙarƙari. Da na kawo kek Royce ya ajiye cokali ya ce, "To, maimaita min."

Lamont ya goge baki ya zubo shi duka, ko numfashi bai ja ba.

Royce bai ce komai ba. Yaron na jira, murmushinsa ya fara dusashewa, yana zaton ya yi kuskure. Ni kuma ina kallon fuskar mijina, na ga abin da nake gani in ya tsaya a tsakiyar ɗaki bai san me ya kawo shi ba. Sai ya ɗago ido ya dube ni. Ina tsaye bayan kujerar yaron da wuƙar kek a hannu. Na ɗan gyaɗa kai.

Ya ce, "Daidai. Kana da kai, yaro."

Lamont ya saki numfashi ya ce, "Yallaɓai, ka iya tsoratar da mutum. Wannan shirun ma cikin gwajin yake?"

"Cikinsa yake."

Da direban kulob ya zo, yaron ya gode min sau uku, ya ɗauki ragowar kek a takarda. Na tsaya a taga ina kallon motar har ta sha kwana. Allah ka ga yaron nan, ka ga kansa. Na gode da ka yi shi. Ka sa Strand ya gan shi yadda na gan shi.

Laraba, da hantsi

Ba wanda ya tayar da maganar jiya, ni ko shi.

Juma'a, da rana

Garin nan ya haukace. An auna tafin hannun Lamont, wai ya gaza abin da ake so da kaurin ɗan yatsa, kuma mai ƙaramin hannu ba zai iya riƙe ƙwallo a sanyinmu ba. Tun safe rediyo ba ta da wata magana. Ƙattin maza masu jikoki suna bugowa suna faɗin tsawon hannunsu, wani har ya tsaya a gefen titi ya auna nasa da igiyar takalmi. A kantin nama mahauci ya buɗe min tafinsa a kan teburi ya ce, "Madam Hallam, kin ga hannun maza. Ki gaya wa oga ya kwantar da hankalinsa, ba mai taɓa masa kujera." Na ce zan gaya masa. Na so in ce masa hannun nan nasa mai faɗin faranti bai taɓa yanka min nama daidai ba.

Ni na ga hannun yaron, ya riƙe cokali lafiya. Amma ina tsoro, don na san Strand na jin rediyo ko da ya rantse ba ya ji.

Lahadi, da sassafe

Jiya aka yi liyafar kulob ta shekara. Fitilu, kiɗa, masu hoto ko'ina. Royce ya yi ƙoƙari, ya sa hannu a riguna ya rungumi yara, daga baya ya ce min zai shiga banɗaki. Na san zama zai yi a can ya rufe ido.

Ina tsaye ni kaɗai sai ga Strand da alawarsa. "Madam Hallam! Yaya gwarzonmu?"

Maganar tana bakina. Ba kowa kusa, ga shi ga ni, jimla biyu ta isa. Na tuna da manyan matan da suka koya min zama, na tuna fuskar Royce in ya ji matarsa ce ta kai shi ofis. Na ce, "Garau yake."

"Haka nake son ji," ya ce, ya dafa kafaɗata ya wuce.

Ni na tuƙo mu gida. Na ji kunyar kaina, har yanzu ina ji. Abin godiya ɗaya, da kansa ya miƙo min makullin motar ban roƙa ba.

Litinin, da rana

Labule a rufe tun safe, kan Royce na sara. Junie ta iya tafiya a kan yatsun ƙafa, ta iya rufe firji ba ƙara. Shekararta bakwai, ba wanda ya koya mata.

Talata, da yamma

Ya tashi garau yau, har yana waƙa a wanka. Ranaku irin wannan su ne ke ruɗa shi, ni ma suna ruɗa ni. Ba na so in tsani ƙwallon nan. Ita ta haɗa mu, ita ta gina gidan nan, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam cikin farin ciki irin na Royce in ya saki ƙwallo ya san ta tafi daidai ba. Na gode da duk wannan, da gaske nake. Ina dai so a bar min abin da ya rage.

Alhamis ta zaɓe, da rana

Yau ne zagayen farko. Ƙattin za su zo mu kalla tare. Na dafa abin da zai ishi unguwa don hannuna ya samu abin yi.

In kulob zai ɗauki wanda zai gaji tsohon mai jifa, manaja kan bugo wa tsohon tukuna, kada ya ji a talabijin kamar bare. Don haka ni ba talabijin zan kalla ba, wayar Royce zan kalla. Na sa masa ita a caji da kaina, na ƙara mata ƙara, na ajiye ta a kan teburin falo inda zan gan ta daga kicin.

Juma'a, da sassafe

Ta yi ƙara.

Kulob na uku ya gama zaɓe, aka ce saura mu, sai ga sunan Strand a fuskar wayar. Na tsaya a ƙofar kicin. A zuciyata har na fara godiya. Royce ya miƙe tsaye ya gyara riga kamar mai karɓar hukunci, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, don shi ba ya ɓuya.

"Royce!" in ji Strand, ana ta ihu a bayansa. "Na samo maka garkuwa! Ƙaton da ya fi kowa a bana, zai tsare maka hagunka, ko ƙuda ba zai sake sauka a kanka ba. Mun zauna mun duba, kai ne namu. Ka ba mu shekara biyu, tsoho."

Falon ya kaure. Ƙattin suka ɗaga Royce sama, Junie na tsalle a kan kujera ba ta san me ake yi ba. Shi kuwa idonsa ya cika, yana ta cewa na gode, na gode, ba zan ba ku kunya ba. Kyauta suka yi masa, da zuciya ɗaya suka yi, wannan ne ya fi ci min rai. Ba wanda zan zaga.

Tavita bai tashi ba. Ya dube ni ta saman kawunansu, na kau da kai. Na shiga kicin na yanka kek na rarraba wa kowa, har ina tambaya wa ke son ƙari.

Har aka gama zagayen ba kulob ɗin da ya ɗauki Lamont. Saboda hannu.

Ban ce wa Royce komai ba. Alkawari ne, ni ma na amsa shi a Janairu. Na zauna nan ina neman abin da zan gode a kai yau, ban samu ba tukuna.

Juma'a, da hantsi

Yana lambun baya yana jifan tsohuwar taya. Kowace ƙwallo ta daki katanga sai na ji ta a haƙorana.

Asabar, da sassafe

Dole in rubuta wannan.

Jiya da yamma, kafin a buɗe zagaye na biyu, talabijin na ta maimaita hoton Lamont a zauren jira na daren Alhamis. Duk teburan sun watse, an kira kowa ya hau dandamali ya sa hular sabon kulob, saura shi da kakarsa, 'yar tsohuwa da hular coci. Masu hoto sun kafa masa kyamara a fuska suna jiran ya yi kuka. Bai yi ba, yana ta gyara wa tsohuwar mayafi.

Royce ya shigo da gumi ya tsaya a bayan kujera yana kallo. Can ya fashe. "Duk ƙasar nan ba mai ido? Yaron nan ya fi duk waɗanda aka kira! Hannu? Da hannu ake karanta fili?" Ya yi ta faɗa shi kaɗai, ni ina ninke kaya. Sai ya zagayo ya zauna kusa da ni.

"Corinne. Ranar nan a teburi. Daidai ya faɗa?"

"Daidai."

"Duka?"

"Duka. Ko kalma ɗaya bai sauya ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Ni na ba shi kiran, da bakina. Da ya maido min, ban san ko shi ne ba." Tun Disamba wannan ne karon farko da ya faɗi wani abu makamancin haka. Na ajiye rigar da ke hannuna, ban yi motsi ba, kamar mai tsoron korar tsuntsu.

Ya ce, "Jiya sun kashe zaɓi na huɗu a kaina. Sun bar yaron nan a zaune saboda sun yarda da abin da na nuna musu. Na ce ba zan juya musu baya ba, ashe cutarsu nake yi."

Ka ji fa. Ba don ni ba, ba don Junie ba, don kulob. Wata rana zan yi masa faɗan wannan. Jiya dai ban damu da ƙofar da ya bi ya fito ba.

Ya ɗauki waya. Ranar zaɓe Strand ba ya amsa kiran kowa, amma ya amsa na Royce.

"Ni ne. Tofar da alawar nan ka saurare ni. Kuna kusa da gaba a zagaye na biyu. In Fairley na nan, ɗauke shi." Ya saurara. "A'a, ba don ya zauna a bayana ya koya ba. Na gama, Strand." Na ji muryar can ta ɗaga, tana tambaya a kan tambaya. Royce ya rufe ido. Sai ya ce, "Ga matata. Za ta gaya maka abin da ake ciki tun Disamba. Ni ba duka nake riƙewa ba."

Ya miƙo min wayar.

Na faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba, na faɗe shi sau ɗaya da bakina, ya isa. Na fara daga farko ban tsallake komai ba, Royce na zaune kusa da ni ya riƙe gefen rigata yana kallon ƙasa. Wasu abubuwan a lokacin ya fara jin su, na ji yadda hannunsa ke ƙara damƙewa. Na gama. Sai Strand ya ce, "Madam, ranar Asabar na tambaye ki." Na ce na sani. Ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya min?" Na ce shi ma ya taɓa zama a ɗakin sa kaya, ya san dalili. Ya ja numfashi ya ce in gaya wa Royce ya gode, kuma zai zo gida da kansa.

Sun ɗauke shi. Muna zaune mu uku muka ga an kira sunansa, kakar ta jefar da hular cocin sama, shi kuma a lokacin ne ya yi kukan da suka kwana suna jira. Junie ta ce, "Mama, ba shi ne ya tafi da kek ɗinmu ba?" Royce ya ce shi ne, kuma ba kek kaɗai ya tafi da shi ba. Ya yi dariya, ni na kasa.

Allah na gode. Ba ni da wata kalma, na gode.

Asabar, da yamma

Tavita ya zo, bai ci komai ba. Sun zauna a matakalar baya su biyu, na bar su.

Lahadi, bayan coci

Gobe zai gaya wa 'yan jarida. Ban kunna rediyo ba, kuma ba zan kunna ba. Abin nan na kansa bai tafi ko'ina ba, na sani. Ranar Laraba za mu ga wani likita, namu na kanmu, kuma Royce ya yi alkawari wannan karon zai yi gwajin tsakani da Allah.

Da muka dawo ya zauna a teburin kicin da kofi, bai ko cire tayen wuyansa ba. Ya yi ta juya kofin. Can ya ce, "Corinne, wai daga Satumba zuwa Janairu, mutane me suke yi da ranar Lahadi?"

Da gaske yake tambaya. Tun yana saurayi bai taɓa ganin Lahadin lokacin wasanni daga gida ba.

Amsar ita ce kallonsa suke yi, ni ma a cikinsu, hannuna a baki ina jiran in ga ko zai tashi. Ban faɗa masa ba. Na jawo kujera na zauna, na ce ban sani ba ni ma, amma za mu nemo wani abu, muna da lokaci.